Akwatin littafi a ƙofar gida: sadaka ce ko alamar haya za ta tashi?

Maman_Hanif
Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambaya gare ni, musamman ga mazauna Kanada da Amurka. Kun san 'yan akwatunan nan masu kama da ɗakin tantabara da ake kafewa kan sanda a ƙofar gida, a zuba littattafai, mai wucewa ya ɗauka ko ya ajiye nasa? Waɗanda ake manna musu ɗan faranti mai lamba an rubuta Little Free Library. Shekarata tara a layinmu a Weston, nan Toronto, ban taɓa ganin ko ɗaya ba. Cikin shekara biyun nan sun zama huɗu, kuma duka huɗun a ƙofar gidajen da aka sayar kwanan nan, sababbin masu su suka yi musu baƙin fenti da katangar katako. A shekara biyun dai maƙwabtana biyu 'yan Somaliya da wata tsohuwa 'yar Jamaika da muke gaisawa kullum sun tattara sun tafi, haya ta fi ƙarfinsu.

Jiya ɗaya daga cikin sababbin maƙwabtan ta tare ni da fara'arta, wai mu haɗa kuɗi a kafa na biyar a gaban benenmu saboda yara. Baban Hanif ya ce in ba ta kawai, ai littafi ne. Ni kuma zuciyata ta ƙi. A ganina duk layin da akwatin nan ya tsiro, ɗan haya ya fara neman ɗaki. Ko na yi zafi?

Danladi_StPaul
Wa alaikumus salam. Kin yi zafi, Maman Hanif, kin bar jaki kina dukan taiki. Akwati ne ya ƙara miki haya ko mai gida? Ni ina da ɗaya a ƙofata, shekara biyar ke nan. Kuma asalin abin ba ya da alaƙa da dillalan gidaje. Wani mutum ne, Todd Bol, a garin Hudson na jihar Wisconsin, tafiyar rabin awa daga inda nake, ya ƙera na farko a 2009 don tunawa da mahaifiyarsa wadda malamar makaranta ce, ya yi shi da siffar ƙaramar makarantar ƙauye. Jama'a suka gani suka so, a 2012 ta zama ƙungiyar da ba ta neman riba. Ina laifi a nan?

Binta_Calgary
Yaya Danladi, ba wanda ya ce marigayin ya yi da mugun nufi. Amma abin da Maman Hanif ta gani da idonta an riga an auna shi, kuma a garinta aka auna. A 2017 wasu ma'aikatan laburare biyu a Toronto, Jane Schmidt ta jami'ar Ryerson (yanzu sunanta ya koma Toronto Metropolitan) da Jordan Hale na jami'ar Toronto, sun fitar da bincike a mujallar Journal of Radical Librarianship. Sun ɗauki adireshin akwatunan da aka yi wa rajista a Toronto da nan Calgary suka ɗora a taswira, suka haɗa da alƙaluman ƙidaya. Sai ga shi yawancinsu suna unguwannin masu hali, masu digiri, inda fararen fata suka fi yawa, kuma kusa da laburaren gwamnati. Unguwannin da ake cewa littafi ya yi ƙaranci, inda aka ce don su ake yi, nan ne akwatin ya fi ƙaranci.

Ita Schmidt ɗin ma ta taɓa kafa nata. Ni ma a laburare nake aiki, don haka ku ɗauki maganata da sanin cewa ina da ɓangare.

Danladi_StPaul
To ai wannan ba abin mamaki ba ne. Wanda ke da filin ƙofar gida shi zai kafa. Ɗan haya a hawa na goma sha biyu ina zai kafa sanda?

Binta_Calgary
Ka faɗi maganar da bakinka. Sai kana da gida naka, da fili a gaba, da rarar kuɗi. Rajista kaɗai lokacin binciken kusan dala 40 ce, in kuma akwatin ƙungiyar za ka saya ɗaruruwan daloli ne. Shi ya sa taswirar akwatin ta zama taswirar masu gidan kansu.

Sadiq_Fagge
Kai, mutanen waje kun ji daɗi wallahi. An ajiye muku littafi kyauta a bakin titi kuna muhawara ko ku karɓa. Mu da muka taso muna biyan kuɗin haya kafin a ba mu littafin Hausa kwana biyu, in ka yaga shafi ka biya. Ku turo mana akwatunan Kano in sun dame ku.

Hajiya_Rabi_Bronx
Sadiq, a Kano ko kwana ba zai yi ba, har sandar sai an cire 😂

Sadiq_Fagge
Hajiya kin ci mutuncin gari. Amma dai gilashin ƙofar ne zai fara tafiya.

Alhaji_Zango
Salamu alaikum. Ni dattijo ne, ku ba ni dama. A Kumasi na girma, a zango. Kakata tana da randa a ƙofar gida, kullum da asuba sai an cika ta, an ɗora moɗa a kan murfi. Mai dako, almajiri, baƙon da ya sauko daga mota, kowa ya sha ya wuce. Ba ta rubuta sunanta a jikin randar ba, ba ta biya kowa ya ba ta lamba ba, ba a sa ta a wata taswira ba. Haka Alƙur'anai da ke kantar masallaci, wani ya saya ya ajiye, ba ka san shi ba.

Ni abin da ya tsaya mini a wannan akwati shi ne farantin. Ajiye littafi don wani ya ɗauka tsohon abu ne, yana wuraren wanki da tashoshin jirgi da ɗakin jiran likita tun kafin 2009. Me ya sa yanzu sai an saya wa alheri suna?

Danladi_StPaul
Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Kuɗin rajistar ba aljihun wani yake shiga ba. Da shi suke ba da akwati kyauta, da littattafai a ciki, ga unguwannin da ba su da hali da yankunan 'yan asalin ƙasa. Bayan kisan George Floyd a Minneapolis a 2020 sun fito da wani shiri, Read in Color, na raba littattafan da baƙaƙe da sauran tsiraru suka rubuta. Ni da idona na ga akwatunan a unguwannin 'yan Somaliya. Kuma taswirar tana da amfani, baƙo ya buɗe waya ya ga inda akwati yake.

Binta_Calgary
Gaskiya ne, wannan suna yi, ba zan danne ba. Amma ka tuna rigimar 2019? Bayan rasuwar Todd Bol a 2018, ƙungiyar ta nemi faɗaɗa rajistar sunanta ta kasuwanci ya shafi akwatin katako mai wurin ajiye littafi, har danginsa, ciki da ɗan'uwansa Tony, suka fito suna ƙorafi a fili. In abu ya kai ana kiran lauya a kan wa ke da ikon kiran akwati da wane suna, to ya wuce randar kakar Baba Alhaji.

Musa_Peckham
Ku tsaya, wai me za mu kira abin da Maman Hanif ke kuka da shi da Hausa? Turawa suna cewa jentirifikeshan. Wata masaniyar zamantakewa, Ruth Glass, ce ta ƙirƙiri kalmar a 1964 a kan unguwannin leburori a nan Landan, irin su Islington, da masu kuɗi suka riƙa sayen gidajen suna gyarawa har 'yan asali suka watse.

Hajiya_Rabi_Bronx
Korar talaka da fenti.

Dan_Damagaram
Kora da hali dai. Ba wanda zai ce maka tashi, kai da kanka za ka ɗaure kaya.

Musa_Peckham
Kora da hali ta zauna. Mu a Peckham mun gan ta. Rye Lane da ake cewa ƙaramar Legas, inda kake sayen doya da busasshen kifi, yanzu tsakanin shagon mahauci da na kitso sai ka ga wurin shan kofi da mashayar kan bene. Mu nan ba akwatin Amurka ya fi yawa ba, tsofaffin jajayen rumfunan tarho ne, kamfanin waya yana ba unguwa a kan fam 1, wasu su mayar wurin musayar littafi. Yana da kyau a hoto. Amma a daidai wannan lokacin, daga 2010 zuwa 2019, an rufe laburare kusan 800 a Birtaniya saboda tsuke bakin aljihun gwamnati, wasu kuma aka sallami ma'aikata aka bar wa 'yan sa kai. Rumfar tarho ba za ta cike maka fom ɗin neman gida ba. Ni a laburaren Peckham na rubuta takardar neman aikina ta farko a kwamfutarsu, wata mata ta gyara mini kyauta.

Binta_Calgary
Musa, nan gizo ke saƙa. Mu sunan ne ke mana ciwo. Laburare ba tarin littafi ba ne. Jiya kaɗai a teburina: wani dattijo da ke son buga takardar asibiti, wata sabuwar zuwa daga Sudan da ke neman ajin Turanci, yara uku da suka zauna har muka tashi saboda gida ba kowa kuma waje sanyi ya kai 20 ƙasa da sifili. Littafin da yaro yake so in babu a reshenmu sai mu sa a kawo daga wani reshe. Akwati kuwa abin da wani ya gaji da shi za ka samu.

Tsoronmu shi ne ɗan siyasa ya ga akwati ya ce ai ga laburare. Kuma ba hasashe ba ne. Laburaren El Paso a Texas ya sa wa waɗanda ba mazauna birnin ba kuɗin kati dala 50, sai a 2014 ƙaramin garin Vinton da ke kusa ya sanar zai kafa akwati biyar. Schmidt da Hale sun kawo misalin.

Maman_Hanif
Anti Binta, a nan ma ai an yi. 2011 ne Doug Ford, lokacin yana kansila, ya ce laburare sun fi shagunan shan kofi na Tim Hortons yawa a mazaɓarsa, ya ce zai rufe ɗaya ba tare da ɓata lokaci ba. Mutanen gari suka tashi, abin bai yiwu ba. Tsofaffin unguwa har yau suna ba da labarin. Ga shi yanzu shi ne firimiyan Ontario.

Abin dariyar kuma, daga benenmu zuwa reshen laburaren Weston minti bakwai ne a ƙafa. Tsohon gini ne tun 1914, da kuɗin attajirin Amurka Andrew Carnegie aka gina shi. Hanif yana da kati tun yana shekara uku.

Danladi_StPaul
Tunda kin ambaci Carnegie, burin Todd Bol na farko shi ne ya wuce adadin laburare 2,509 da Carnegie ya gina, kuma ya wuce a 2012. Zuwa 2020 akwatunan sun haura 100,000.

Binta_Calgary
Yaya Danladi, Carnegie kafin ya ba gari kuɗin gini sai garin ya ɗauki alkawarin kashe kashi 10 cikin 100 na kuɗin a duk shekara wajen kula da wurin. Shi ya sa na Weston yake buɗe bayan shekara ɗari da 'yan kai. Kwatanta akwati da wannan kamar kwatanta buta da rijiya ne.

Ummu_Safiyya
Ni dai bari in faɗi abin da na gani a na layinmu a Columbus, don na buɗe shi ɗazu da na dawo daga kai yara. Littafin koyon kwamfuta na zamanin da ake sa faifai. Littattafan rage ƙiba guda biyu. Wani ƙaton labarin 'yan leƙen asiri da ruwa ya jiƙa ya kumbura, shafukan sun manne, yana warin fumfuna. Takardun wa'azi. Da katin wata dillaliyar gidaje an soke shi a jikin gilashi, da hotonta tana murmushi. Littafin yara ko ɗaya babu, don su ba sa kwana.

Dan_Damagaram
Katin dillaliyar nan shi ne amsar tambayar Maman Hanif gaba ɗaya.

Danladi_StPaul
Wannan sakacin mai akwati ne. Ni duk Asabar sai na duba nawa, na zubar da ruɓaɓɓu, na sayo na yara a shagon gwanjo. Kuma ku ji wannan. Akwai wata yarinya 'yar ƙabilar Hmong ta Asiya, ba za ta wuce shekara takwas ba, kakarta ba ta jin Turanci, ba mota, iyayen suna aikin dare. Duk la'asar sai ta tsaya da kekenta ta leƙa. Ran nan ta bar mini 'yar takarda a ciki, wai don Allah a ƙaro na dabbobi. Laburare yana nan, amma wa zai kai ta? Ku faɗa mini in cire akwatin saboda wasu masana a Toronto sun zana taswira.

Hajiya_Rabi_Bronx
A'a Danladi, kar ka cire. Allah ya ba da lada. Ni ma lokacin korona na layinmu gwangwanin wake da taliya aka riƙa zubawa maimakon littafi, kuma wallahi an ci.

Garba_LA
Na makara, amma wannan maganar ta unguwarmu ce. Ina Inglewood, Kalifoniya, unguwar baƙaƙe da 'yan Latin. A Disamban 2021 wata marubuciya baƙar fata mazauniyar nan, Erin Aubry Kaplan, ta yi rubutu a New York Times tana tambaya ko ɗan akwatinta na taimakawa wajen sauya unguwar. Ta kafa shi don maƙwabtanta, wata rana ta hango wasu matasan Turawa, mace da namiji, sun tsaya suna dubawa, ranta ya sosu, ta kuma fito ta faɗa. An yi mata ca a intanet, wasu na cewa wariya ce. Ni na fahimce ta ko da ban bi ta duka ba. Ba littafin take kishi ba. Gani ta yi abin da ta yi don mutanenta ya zama ado ga masu zuwa sayen gidajen mutanenta.

Amma in gaskiya za a bi, filin wasan SoFi da aka buɗe a 2020, na biliyoyin daloli, shi ya ɗaga kuɗin gida a nan. Akwati nawa za ka jera su kai wannan?

Musa_Peckham
To ai ba wanda ya ce shi ne sanadi. Alama ce. Kamar ka ga shamuwa ka san damina ta kusa.

Garba_LA
Ka kashe shamuwa ruwa zai fasa zuwa?

Alhaji_Zango
Yaro ya yi tambaya.

Maman_Hanif
Yaya Garba, na yarda. In zan ƙirga abin da ya canza Weston, jirgin ƙasa mai zuwa filin jirgin sama da ya fara tsayawa a tasharmu a 2015 yana gaba, minti goma sha biyar kana tsakiyar gari. Sai dokar haya ta Ontario: muddin kana cikin gida akwai iyakar abin da za a ƙara maka a shekara, amma ranar da ka fita mai gida ya sa kuɗin da ya ga dama. Shi ya sa suke ƙirƙiro gyara don su fitar da mutum. Haka aka yi wa tsohuwar nan 'yar Jamaika, aka ce za a canza bututun ruwa, ta fita, aka yi fenti aka sa sabon kuɗi. Gidajen da aka fara shiga bayan 15 ga Nuwamba 2018 kuwa ba su da iyakar ma sam.

Abin da ya ƙona mini rai shi ne, lokacin da muke yawo da takarda gida-gida muna neman sa hannu a kan maganarta, masu akwatunan nan huɗu mutum ɗaya ne ya sa. Yanzu kuma a zo mini da maganar zumuncin unguwa.

Ummu_Safiyya
Wanda ya sa hannun, ba ita ce mai neman haɗa kuɗin ba?

Maman_Hanif
Ita ce kuwa. Shi ya sa abin ya yi mini nauyi. Da wata ce da tuni na ce mata Allah ya ba da sa'a.

Binta_Calgary
To ki zauna da ita. Ki tambaye ta wa zai kula da shi in dusar ƙanƙara ta sauka, kuma wa ya ce yaran benenku littafi suka rasa. Watakila abin da suka rasa wanda zai raka su laburare ne ranar Asabar. In kuma lallai ana so, ku sa kanta a ɗakin wanki na benen, ba rajista ba faranti, ba ruwan sama, kuma wanda ke zaune a ciki shi zai amfana, ba mai wucewa da dillali ba.

Danladi_StPaul
Kanta a ɗakin wanki sai da izinin mai bene. Akwati a titi na kowa ne. Ku tuna a 2014 a Leawood ta Kansas hukumar gari ta sa wani yaro ɗan shekara 9 ya cire nasa, wai gini ne ba bisa ƙa'ida ba, sai da jama'a suka yi surutu aka janye. A lokacin kowa na bayan akwati. Yanzu kuma shi ne mai laifi.

Sadiq_Fagge
Wai ni a cikinku akwai wanda ya taɓa sa littafin Hausa a ciki?

Dan_Damagaram
Ni na sa, a Greensboro. Wani ɗan littafin labari da na zo da shi daga Zinder. Wata huɗu yana nan, rana ta cinye launin bangon. Ran da na je in ɗauke abina sai na tarar babu. Har yau ban san ko Bahaushe ne ya ɗauka ko mai akwatin ne ya gaji ya jefa a shara ba.

Hajiya_Rabi_Bronx
Greensboro cike take da 'yan Nijar, wani naku ne ya ɗauka. Ka yi cigiya a masallaci ranar Juma'a.

Maman_Hanif
Na gode muku duka. Na yi mata saƙo, za ta shigo shan shayi ranar Lahadi bayan la'asar. Zan kai ta ɗakin wankin ta gani, sannan in nuna mata takardar ƙarin kuɗin da aka manna mana a lif makon jiya, wai na gyaran baranda. Baban Hanif har yanzu yana kan bakansa, wai dala ashirin ce kawai nake ta wannan dogon Turanci.

Danladi_StPaul
Ki gaishe shi, ki ce ina bayansa. In kun yanke shawarar kantar ce, ina da kwali biyu na littattafan yara a gareji, sai dai kuɗin aikawa Kanada ya fi kuɗin littattafan.

Garba_LA
Wa ke zuwa Toronto daga Minnesota cikin watan nan?

Ummu_Safiyya
Ƙanina direban tirela ne, yana bi ta Detroit. Bari in tambaye shi ko kwastan za su bar shi da kwali biyu.